Randar Lali

Bangon da ya raba ɗakin Ushangi da na Eteri ba bangon kirki ba ne. Da Ushangi da ƙanensa Ilo suka tashi rabon gidan ubansu, bulo ɗaya-ɗaya suka jera a tsakiyar babban ɗaki, kowa ya ɗauki rabi. Ilo ya daɗe da rasuwa, ya bar wa matarsa Eteri rabin gida da bangon da ko atishawa ba ya tarewa. Saboda haka ba za a ce laɓe ta yi ba a safiyar nan. Ƙullin burodi take murzawa, rigimar ce ta ratso ta same ta har inda take.

Muryar Lali ce a sama, 'yar Ushangi tilo, wadda bikinta ya rage 'yan kwanaki. Tana cewa dangin angonta Rezo za su taso tun daga yankin Imereti, kuma ko takalmi ba za su kakkaɓe ba sai sun tambayi randar giyarta. Shi kuwa uban yana ta gunaguni ƙasa-ƙasa, wai mutanen Imereti me suka sani, mutanen da ke shan farar giya mai kama da ruwan ɗauraye kwano, a ba su jar giyar Saperavi mai shekara ashirin da 'yan kai ai ɓarna ce. Akwai giyar bara, akwai ta bara waccan, su sha har su kasa gane motarsu.

"Baba, randar nan tawa ce ko ba tawa ba ce?"

"Taki ce."

"To a buɗe ta."

"Ba za a buɗe ba."

Sai Lali ta ce, a hankali yanzu, da ɗa namiji ya haifa da tuni ya fasa yumɓun bakin randar yana rawa. Ta ce in dai ba za a buɗe randar ba, to ba biki. Za ta bi Rezo garinsu Kutaisi su sa hannu a gaban ma'aikacin gwamnati, shi kuma ya zauna ya auri randarsa. Ƙofa ta bugu har kwanukan Eteri suka amsa a kan kanta.

Eteri ta tsaya da hannu cikin ƙulli. Ta san yarinyar, jinin ubanta ce, abin da ta faɗa za ta aikata. Amma maganar ɗa namijin nan ƙarya ce, kuma Eteri na nan aka yi komai.

Ushangi gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai tsadar magana. Tafin hannunsa baƙi ne tun daga kaka har tsakiyar sanyi, don Saperavi inabi ne mai rini, har tsokar cikinsa ja ce. Lokacin da aka raba filayen ƙauye kowa ya ruga ƙasan kwari, kusa da kogin Alazani, inda ƙasa ke da maiƙo, inabi ke yin nono kamar na saniya. Shi sai ya zaɓi gangare, wurin da in ka kafa fartanya dutse ne zai amsa maka. Da rana wurin ya gasu, da yamma iska ta gangaro daga duwatsu masu farin kai ta sanyaya shi. Ba ya ba gonar ruwa ko fari ya yi tsanani, wai sai saiwa ta nutsa ta nemo da kanta. Tsakiyar bazara kuma ya bi layi-layi da wuƙa yana yanke rabin nonon inabin tun yana kore yana zubarwa. Maƙwabta suka ce taɓin hankali ne. A shekarun da masu saye ke neman giya mai yawa mai zaƙi, mutane da dama suka koyi zuba ruwa da sukari a kan ɓawon da aka riga aka matse, su samu randa biyu a wurin ɗaya. Ushangi bai taɓa cewa sun yi laifi ba. Ya dai daina shan giya a gidajensu, in an miƙa masa ya ce cikinsa ne ba daɗi. Ciwon cikin nan ya yi shekaru yana damunsa, kuma a gidajen nan kaɗai yake tashi.

Giyarsa tana sabuwa ba ta da ladabi. Baƙa ce wuluk, baurinta ya kama harshe ya ɗaure dasashi, baƙon da bai sani ba sai ya yamutsa fuska. Sai ta kwana shekaru a ƙasa take saukowa, ta yi laushi, ta fara faɗin abin da ke cikinta. Matarsa Guliko takan ce ai giyar ta gaji mai ita ne, ita ma sai da ta yi shekara biyar da aure kafin ta gane mutumin yana da daɗin zama.

A ƙauyen, in aka haifi ɗa namiji, uban yakan cika randa da giyar wannan shekarar, a rufe bakinta da faifan dutse, a liƙe da yumɓu, a bi da rairayi, ba mai taɓa ta sai safiyar auren yaron. Shekarar da aka haifi Lali ƙanƙara ta yi wa kwarin kaca-kaca, gangaren Ushangi ne kawai ya tsira da ɗan abin da ya tsira, 'ya'ya ƙanana masu kaurin ɓawo. Ya shiga cikin randa da kansa ya kankare ta da ɓawon itace, ya shafe ta da kakin zuma, ya tace giyar ya zuba. Tsohonsu, yana raye a lokacin, ya tsaya bakin marani, ɗakin da randunan ke binne har wuya, ya ce wannan wane irin abin kunya ne, randa ta namiji ce, mace gidan wani za ta. Ushangi bai ɗago ba. Ya ce to sai ta tafi da abin da zai sa a san gidan da ta fito. Aka yi ta masa dariya a majalisa har sanyi ya wuce.

Mutumin da ya shanye wannan dariyar ba zai zo yau ya hana 'yarsa randa don ita mace ce ba. Rowa kuwa, Ushangi ne ke cika tulu ya kai gidan makoki tun ba a aiko ba. Eteri ta ce a ranta ruwa ba ya tsami banza.

Har ta gasa burodin abin na cinta. Da ta zo shimfiɗa mayafin tebur sai idonta ya faɗa kan wani tsohon tabo na giya, shuɗi-shuɗi, wanda wanki ya gaji da shi. Ta zauna a kujera.

Ta tuna bazarar da Guliko ta kwanta ciwon ajali, Lali tana 'yar firamare. Likitan garin Telavi ya riga ya ce a kai ta gida, ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Wata safiya Eteri ta je canza mata rigar matashin kai, ta ga tabo baƙi kusa da inda bakinta yake. Ta ɗauka jini ne. Amma jini in ya ji sabulu ƙasa-ƙasa yake komawa, wannan kuwa shuɗi ya koma. Ta ce a ranta an jiƙa mata leɓe da giyar tebur, ta bar maganar. A satin nan ne kuma ta ga Ushangi ya dawo daga bakin Alazani da buhu a kafaɗa, ya juye duwatsu masu santsi a babbar tukunya, ya hura wuta yana tafasa su. Ilo ya leƙo ya ce, "Yaya, an ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ban san da gaske ake yi ba." Ushangi bai yi dariya ba. Suka ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa shi, suka ƙyale shi.

Eteri 'yar masu inabi ce, ta san randar da aka buɗe aka ɗiba ba a mayar da ita da rami a wuya, iskar da ta zauna a wurin ita ke tsamar da giya. Sai an cike gurbin. Kuma ta san Ushangi, da ya zuba giyar wata shekara a randar Lali gara ya yanke hannunsa. To da me zai cike?

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, da ta duba zuciyarta da kyau, ta ga ba yau ta gane ba. Tun ranar wankin nan wani ɓangare nata ya sani, ta danne. Ilo mutumin kirki ne, ya riƙe ta da mutunci, amma da ita ce a kwance tana roƙon kurɓi ɗaya daga randar da al'ada ta hana, da Ilo ya shafa kanta ya ce ta yi haƙuri. Wannan ne abin da ba ta so ta kalla ba shekara da shekaru.

Da la'asar ta ɗaura ɗankwali ta hau gangaren. An gama girbi, ganye ya fara ja, Ushangi na durƙushe yana tara ƙasa a gindin wata tsohuwar kurangar inabi. Ta gaishe shi, ya amsa bai juyo ba, ya ce in Lali ce ta aiko ta to ta huta da hawan. Ta ce ba wanda ya aiko ta, bangon da shi da ƙanensa suka gina ne ya aiko ta, da sun sa bulo biyu da yanzu tana gida tana hutawa.

Ta zauna a kan dutse ta ce, "Yaya, duwatsun nan da ka dafa shekarar da Guliko ta tafi, ina romon?"

Hannunsa ya tsaya. Da ya fara magana kuma ba ita yake kallo ba, kwarin yake kallo. Ya ce Guliko ce ta roƙa. Ta ce masa ta san ba za ta ga bikin ba, ba ta neman komai sai ta ɗanɗana giyar auren 'yarta. Ya ce mata ba a yi, ta ce ta sani. Ya ɗauki fartanya ya fasa yumɓun, ya ɗebo a kwano, ya kai mata. Da ya dawo ya ga wuyan randar ya sauka, ba shi da ko ɗigon giyar wannan shekarar a waje. Sai ya tuna wata dabara da ya taɓa ji wurin tsofaffi, ya yi ta sakin duwatsu ɗaya bayan ɗaya har giyar ta taɓo baki, ya sake liƙewa. Amma randar ta yi yini guda tana shaƙar iska kafin duwatsun su huce. Tun daga ranar bai san me ke ciki ba. Ko giya ce, ko ruwan tsami.

Ya ce ta san yadda ake yi. A gaban dangi biyu ake buɗewa, kwanon farko uban ango ake miƙa wa, mai gida ba ya ɗanɗanawa kafin baƙo. In ta yi tsami, tsofaffin matan can ba za su ce randa ta sha iska ba, cewa za su yi amarya ta zo da tsamin ƙashi. Duk ranar da yaro ya yi zazzaɓi a gidan, duk ranar da saniya ta mutu, za a tuna randar. Yarinya ita kaɗai a ƙasar mutane.

"Gara a ce ubanta marowaci ne," in ji shi. "Wannan ni zan ɗauka, kuma ina da wuyan ɗauka."

Eteri ta dube shi. Mutum ya yarda 'yarsa ta tsane shi don kada a tsane ta. Ta kusa ta tashi ta tafi ta bar shi da girmansa. Amma ta zauna da mutanen gidan nan tun tana budurwa, ta san in sun ba ka dalili mai kyau, akwai wani a ƙarƙashinsa da suka zauna a kai.

Ta ce masa maganarsa gaskiya ce, sai dai ba ita ce duka ba. In don Lali ne kawai, da ya kira ta ya gaya mata, yarinyar ba jaririya ba ce, da sun san yadda za su yi da surukai. Shiru ya zaɓa, saboda muddin randar na rufe, abin da ya yi wa Guliko alheri ne tsantsa. Ranar da aka buɗe aka tarar da tsami, ranar zai zama mutumin da ya ɗauki rabon 'yarsa ya ba matarsa.

"Ba tsamin kake tsoro ba, Yaya. Tsoro kake kada ka yi nadamar kwanon nan."

Ya juyo ya kalle ta a karon farko, kallon da ya sa ta gyara ɗankwali. Ya ce bakinta ya fi sabuwar Saperavi bauri, Allah ya ji ƙan Ilo, ya sha fama. Ta ce amin, amma ya sani yarinyar can tana ninke kayanta, kuma abin da za ta tafi da shi Kutaisi shi ne ubanta ya so namiji. In ya ga wannan ya fi ruwan tsami sauƙin haɗiya, shi ke nan. Ta sauko ta bar shi a durƙushe.

Kwana biyu bangon bai kawo mata komai ba sai ƙarar cokali. A safiya ta uku ta ji muryarsa, kamar mai maganar farashin gishiri, yana ce wa Lali ta gaya wa mutanenta su iso da wuri, shi ba ya buɗe randa rana ta take.

Suka iso da wuri kuwa, motoci cike da mata da kwanduna. Uban ango, Shalva, ƙato ne mai tumbi da gashin baki, tun daga ƙofar gida ya fara tsiya, wai ya ji labarin mutanen nan yankin Kakheti, abin kirki su binne a ƙasa, baƙo kuma su cika shi da jawabi. Aka dunguma marani. Wurin da sanyi, da warin ƙasa da tsohon itace, bakunan randuna a jere a daɓe kamar rijiyoyi. Lali na tsaye cikin farar riga kusa da Rezo, ba ta kalli ubanta ba.

Ushangi ya durƙusa a kusurwa ya share rairayin da tafin hannu. Ya sa fartanya ya bi gefen yumɓun yana ɓantara. Eteri kaɗai ta lura yumɓun kala biyu ne, na ƙasa ja, na sama fari-fari, kuma ita kaɗai ta ga yadda ya goge hannu a wando sau biyu kafin ya kama faifan dutsen. Ya ɗaga.

Eteri ta buɗe hanci tana jiran abin nan mai tsinin da ke sa ido ruwa. Abin da ya taso a maimakonsa a hankali ya taso, kamar mutum mai nauyi yana miƙewa daga kujera: ƙamshin busasshen ɓaure da zabibi, da na ƙasa in ruwan farko ya sauka, da wani abu kamar tsohuwar jakar fata da aka ajiye taba a ciki. Ushangi ya zura ludayin duma mai dogon hannu ya ɗebo, ya zuba a kwanon ƙasa. Tsakiyar giyar baƙa ce har ba a ganin gindin kwano, gefenta kuwa ya koma launin bulo. Ya miƙa wa Shalva da hannu biyu, idonsa a ƙasa.

Shalva ya buɗe baki zai saki wata tsiyar, ya shaƙa, ya fasa. Ya kurɓa ya riƙe a baki. Ya haɗiye, ya tsaya kamar mai sauraron kiran da ake masa daga nesa. Ya sake kurɓa.

"Suruki," ya ce, "na zo da ba'a cike da aljihu, tun daga Kutaisi nake tara ta. Ka sa na rasa inda zan kashe ta."

Dariya ta ɓarke, mata suka yi guɗa irin tasu, kwano ya fara zagaye. Da ya iso hannun Eteri ta kurɓa kaɗan. Baurin nan na gidan yana nan, amma ya kwanta, ya zama kamar hannun da ya riƙe ka ba don ya matse ka ba. Akwai ɗan tsami na rumman a can ciki wanda ya hana ta nauyi, kuma bayan ta haɗiye ɗumin ya daɗe a ƙirjinta yana sauya magana. Ta nemi Ushangi da ido. Yana zaune a bakin randar, ƙafafunsa a miƙe kamar wanda ya sauke buhu, ba a ma ba shi kwanon ba tukuna, bai kuma nema ba.

Aka ɗaura aure a coci, aka dawo aka zauna tebur a ƙarƙashin rumfar inabi. Aka ci nama da cuku da burodi, aka cika ƙahon shan giya aka sha don amarya da ango, aka sha don waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Shalva ya tashi ya yi jawabi ya ce daga yau duk wanda ya taɓa surukarsa a Imereti shi ya taɓa, don gidan da ya iya jiran abu haka ba ya haifar banza. Rana ta karkata, randa ta yi ƙasa. Rezo da kansa ya karɓi ludayi ya je ɗebo wa abokansa, sai aka ji ƙwas. Ya jawo ludayin, ga dutse a ciki, mai santsi, ya rinu baƙi-ja kamar ƙoda. Ya fito da shi yana nuna wa jama'a, wani ya ce mutanen Kakheti har duwatsu suke tsufarwa, aka yi dariya. Ushangi ya miƙa hannu ya karɓa ya sa a aljihu. Lali ta kalli ubanta, ta kalli Eteri. Eteri ta shiga gyara faranti.

Kafin magariba motoci suka juya kai. Mata suka fito da amarya, Eteri na riƙe da gefen rigarta kada ta sha ƙasa. Ushangi na tsaye a ƙofar gida, ya cire hula. Lali ta tsaya gabansa. Ta fara cewa, "Baba, maganar da na faɗa ran nan," ya girgiza kai. Ya kamo hannunta ya buɗe tafin, ya ɗora dutsen, ya naɗe yatsunta a kai da nasa baƙaƙen yatsun.

"Uwarki ta riga kowa shan giyar bikinki," ya ce. "Kwano guda na ɗebar mata, wannan da 'yan'uwansa ne suka zauna a gurbinsa. Ta ce in gaya miki giyar za ta yi kyau, amma da saura, kada ki yi gaggawa."